Daga Kurtu Zuwa Janar: Shekaru 89 Na Alhaji Sangule Lamizana

Duk falke ko direban da ya taɓa shigowa Wagadugu ta hanyar Bobo ya ratsa ta unguwar Gungin, wadda a takarda ake rubuta ta Gounghin. Unguwa ce da ta daɗe da sanin soja. Tun kafin zuwan Nasara nan ne mazaunin Gunga Naba, ɗaya daga cikin manyan fadawan Moro Naba, wanda dakarun ƙasa suke hannunsa kamar yadda mahaya dawaki suke hannun Widi Naba. A yau kuma a nan ne babban barikin soja yake, da filin wasa na 4 ga Agusta, da maƙabartar da aka binne sojoji da dama waɗanda suka faɗi a fagen daga. Shi wannan bariki sunan mutum ɗaya aka sa masa, wato Janar Abubakar Sangule Lamizana.

Da yawa daga cikin samarinmu masu kai da kawowa tsakanin Sinkanse, Puitenga, Kancari da Dori, a bakin 'yan labaru kawai suka san sunan, musamman ranar 23 ga Janairu 2022 da aka wayi gari da ƙarar bindiga a barikin, kashegari kuma gwamnatin Shugaba Kabore ta faɗi. To amma mai sunan da kansa soja ne da ya yi aiki a zamanin manyan yaƙe-yaƙe uku, ya riƙe ƙasar nan kusan shekara 15, aka tumɓuke shi, aka gurfanar da shi gaban kotu, aka wanke shi, ya kuma tsufa a cikin mutanensa har ya kai shekara 89. Mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu tarihinsa, domin abin da ya fi jan hankalinmu game da shi abu ne da kowane ɗan kasuwa zai gane: wanda ya san kuɗin kaya ba ya wasa da shi. Lamizana ya san tsadar yaƙi, shi ya sa bai yi arha da jinin mutane ba.

An haife shi ana tsakiyar bore

An haifi Sangule Lamizana ranar 31 ga Janairu 1916 a ƙauyen Diyanra, kusa da Tugan, a ƙasar Samo da ke arewa maso yammacin ƙasar nan. A lokacin Faransa tana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, tana kuma ɗibar 'ya'yan talakawa zuwa Turai. A wannan yaƙi kaɗai an kwashi mutum fiye da 160,000 daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta, wajen 30,000 ba su dawo ba. Ɗibar ta yi tsanani har tura ta kai bango, a watan Nuwamba 1915 ƙauyukan yankin Dedugu, maƙwabtan ƙasar Samo, suka ɗauki kwari da baka da bindigar toka suka yi wa Nasara bore. Sai da aka kawo igwa aka rushe ƙauyuka masu yawa, aka kashe dubban mutane, sannan wutar ta mutu a 1916. A cikin wannan hayaƙi ne aka yi sunan jaririn da zai zama babban hafsan sojan ƙasarsa na farko.

Da yaƙin ya ƙare ɗibar soja ba ta ƙare ba. A 1919 Faransa ta mayar da ita doka ta kowace shekara. Kumandan da likita su zo gari, sarakuna su tara samari, a auna ƙirji a duba haƙora, waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa su tafi bariki shekara uku. Daga baya ma waɗanda aka auna lafiyarsu amma ba a ba su bindiga ba sai aka riƙa tura su aikin dole, kamar ginin madatsar ruwa ta Markala a bakin Kwara. Ana kiran duk waɗannan sojoji da sunan Senegal, domin a can aka fara kafa rundunar a 1857, alhali da yawansu Mosawa ne, da Bambara, da Samo, da Zabarmawa, da Hausawan Nijar.

Lamizana ya shiga soja a 1936 yana ɗan shekara 20. Abin mamaki, a wannan shekara ƙasarsa ba ta cikin taswira. Tun 1932 Faransa ta rushe Haute-Volta, sunan ƙasar nan na da, ta raba ta uku kamar nama a kan faranti: Fada Ngurma da Dori aka ba Nijar, Wahiguya da Tugan aka ba Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, Wagadugu da Bobo kuma aka haɗa su da Kwaddibuwa. Sai a 1947 aka sake ɗinke ta. Ke nan mutumin da daga baya zai yi rigimar iyaka da Mali, a takarda ɗan wancan ɓangaren ne ranar da ya sa kaki. Wannan kaɗai ya isa ya tuna mana cewa layin da muke biyan kuɗin duwan a kansa alƙalamin wani ne ya ja shi, kuma an sha gogewa a sake ja.

Shekara 25 a ƙarƙashin tutar Faransa

Masu karatunmu na ɓangaren Najeriya da Gana sun san labarin kakanninsu da Ingila ta kai yaƙin Bama, inda Hausa ta zama harshen bariki. A barikin Faransa kuwa Bambaranci ne da wani gurguntaccen Faransanci suke aiki, kuma matakalar hawa ta fi santsi. Baƙar fata yakan tsufa yana saje, in ya yi sa'a ƙwarai ya zama hafsa, to da wuya ya wuce kyaftin. Lamizana yana da ɗan ilimin boko, abin da ba kowane kurtu ke da shi ba a lokacin, amma duk da haka sai da ya shafe shekara fiye da goma yana hawa igiya bayan igiya kafin ya shiga sahun hafsoshi.

A Yaƙin Duniya na Biyu, Jamus ta karya Faransa a watan Yuni 1940, ƙasashenmu kuma suka zauna a hannun gwamnatin da ta yi wa Jamus mubaya'a har zuwa Nuwamba 1942 da Amurka da Ingila suka sauka a Afirka ta Arewa. Daga nan aka sake buɗe ɗibar soja, Lamizana yana cikin waɗanda aka tura Afirka ta Arewa. Daga can ne rundunar da baƙaƙe da Larabawa suka cika ta ta haye teku ta sauka a kudancin Faransa ranar 15 ga Agusta 1944. Da nasara ta kusa, sanyi kuma ya shigo, sai aka janye baƙaƙen daga fagen daga aka maye gurbinsu da fararen fata. Ranar 1 ga Disamba 1944 kuma, a barikin Tiyaroy kusa da Dakar, aka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga kurkukun Jamus, laifinsu kawai sun nemi a biya su kuɗinsu. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama sun ce sun kai ɗaruruwa, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne. Irin gidan da Lamizana ya yi wa bauta ke nan.

Bayan wannan sai Indoshin, wato ƙasashen Biyetnam, Lawos da Kambodiya na yau, inda Faransa ta yi yaƙi daga 1946 zuwa 1954, ta kuma kai baƙaƙen sojoji wajen 60,000. Lamizana ya je can har sau biyu. Yaƙi ne na fadamar shinkafa da ƙungurmin daji, inda manomin da ya gaishe ka da rana shi ne zai dasa maka nakiya da dare. Ya ƙare da faɗuwar sansanin Diyen Biyen Fu ranar 7 ga Mayu 1954, ranar da duniya ta ga talakawa masu tura kaya a kan keke sun durƙusar da mai jirgin sama. Lamizana ya zama kyaftin a 1957, ya yi aiki a ofishin soja na gwamnan Kwaddibuwa a Abijan, sannan aka tura shi Aljeriya, inda wani yaƙin neman 'yanci ya ɓarke tun 1954.

A nan dole mu faɗi gaskiya ko da ɗaci. A Indoshin da Aljeriya, sojojinmu sun ɗauki bindiga ne a kan mutanen da suke neman abin da mu ma muke nema, wato fita daga hannun Nasara. Ba za mu ce wannan abin alfahari ne ba. Sai dai abin da mutum ya koyo a makaranta ya danganta da shi kansa. Wannan makaranta ita ta yaye Seini Kunce na Nijar, ita kuma ta yaye Bokasa na Afirka ta Tsakiya, wanda ya ƙwace mulki kwana biyu kacal kafin Lamizana, ya naɗa kansa sarkin sarakuna a 1977, ya bar ƙasarsa cikin jini da talauci. A ganinmu Lamizana ya dawo da darasi guda, cewa bindiga ba ta cin jama'ar da ta tashi tsaye, kuma abin da ya biyo baya shi ne shaidarmu.

Ranar 3 ga Janairu 1966

Ƙasar nan ta sami 'yanci ranar 5 ga Agusta 1960 a ƙarƙashin Shugaba Moris Yameogo, wanda ya ƙi yarda Faransa ta ci gaba da riƙe sansanin soja a nan. Sai aka kira Lamizana gida, a 1961 aka ba shi shugabancin sabuwar rundunar, wadda kusan duk jijiyarta tsofaffin sojojin Faransa ne irinsa.

Kafin shekara biyar mulkin Yameogo ya gundure mutane. Jam'iyya ɗaya ce, a zaɓen Oktoba 1965 aka ce ya sami fiye da kashi 99 cikin 100, a watan nan kuma ya yi sabon aure ya tafi shaƙatawa Barazil. Yana dawowa baitulmali ba kome, sai gwamnati ta ce za ta yanke kashi 20 cikin 100 na albashin ma'aikata. Ƙungiyoyin ƙwadago suka kira yajin aiki. Ranar 3 ga Janairu 1966 ma'aikata da 'yan makaranta da matan kasuwa suka cika babban dandalin Wagadugu, a gaban barikin soja, suna kiran soja su karɓi mulki. Sojoji suna nan da bindigoginsu, babban hafsansu kuma Laftanar-Kanar Lamizana ne. Ba a buɗe wa taron wuta ba. Kafin dare ya raba Yameogo ya sauka, Lamizana ya hau.

Mai karatu ya dubi abin da ya faru a maƙwabta a wannan lokaci. Kwana 12 bayan haka, ranar 15 ga Janairu, sojoji a Najeriya suka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, abin da ya ja ƙasar har cikin yaƙin basasa. A nan kuwa shugaban da aka tumɓuke an tsare shi ne, aka yi masa shari'a a 1969, aka sake shi a 1970, ya rayu har 1993.

Wani abu da ya taimaki sabon shugaban shi ne asalinsa. Samo da Mosawa abokan wasa ne, kamar Fulani da Barebari ko Kanawa da Zazzagawa. Basame a kan kujera a tsakiyar birnin Moro Naba, Bamoshe yana iya gaya masa baƙar magana a cikin raha, shi ma ya rama, a tashi ba gaba. Ƙasar da talaka yake iya yi wa shugaba ba'a bai kwana a kurkuku ba, ta rage wa kanta fitina mai yawa.

Gyaran aljihun gwamnati

Abin da Lamizana ya fara tararwa shi ne bashi. Ya ɗauko wani hafsa mai kula da kuɗin soja, Tiyemoko Mark Garango, ya ba shi ma'aikatar kuɗi, inda ya zauna daga 1966 zuwa 1976. Garango ya datse kashe-kashen gwamnati, ya rage alawus, ya matsa wajen karɓar haraji da kuɗin duwan, har mutane suka laƙaba wa tsarin suna "garangoz", kamar sunan wata cuta. Abin dariya, ma'aikatan da suka kori Yameogo saboda yankan albashi sai ga shi sun haɗiye magani mai ɗaci irin wancan daga hannun soja. Bambancin shi ne wannan karon sun ga na sama ma ya ɗaure cikinsa. A cikin 'yan shekaru kasafin kuɗin ƙasa ya daidaita, har ana samun rara. Kowane mai shago ya san wannan ƙa'ida: yaran shago ba sa jin zafin tsimi in sun ga maigida ma ba ya taɓa uwar kuɗi.

Fari, yunwa da rigimar iyaka

Dattawanmu ba su manta da farin 1973 ba, lokacin da shanu suka zube a Sahel, hatsi ya yi wuyar gani, mutanen arewa suka gangaro birane da ƙoƙo a hannu. A watan Satumba na wannan shekara ƙasashe shida, wato Haute-Volta, Mali, Nijar, Cadi, Muritaniya da Senegal, suka kafa hukumar yaƙi da fari ta CILSS a nan Wagadugu, suka kuma wakilta Lamizana ya kai kukansu ga duniya. A watan Oktoba ya je Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kuma gana da Shugaba Nikson na Amurka. Janar guda ya tafi roƙon hatsi a madadin ƙasashe shida, bai ga kamar girmansa ya zube ba. Tun kafin nan, a Disamba 1970, shi da shugabannin Mali da Nijar sun kafa hukumar raya yankin Liptako-Gurma, inda iyakokin ƙasashen uku suka haɗu. A 1975 kuma ƙasarsa tana cikin 15 da suka kafa ƙungiyar CEDEAO a Legas, wadda Burkina da Mali da Nijar suka fice daga cikinta a Janairu 2025.

Babban gwajin da ya shafi mutanen kan iyaka ya zo a ƙarshen 1974. Akwai wani zirin ƙasa mai tsawon wajen kilomita 160 a arewa, ana ce masa Agasher, wanda Mali da Haute-Volta kowa yake cewa nasa ne, ana kuma raɗe-raɗin akwai arziki a ƙarƙashinsa. Sojojin ƙasashen biyu suka yi arangama, a cikin ƙananan hafsoshin da suka je fagen har da wani saurayi mai suna Tomas Sankara. Shugabannin Togo da Nijar suka shiga tsakani, aka zauna a Lome. Da wutar ta so sake tashi a 1975, Seku Ture ya kira Lamizana da Musa Traore zuwa Konakiri a watan Yuli. A wajen taron ne shahararren mawaƙin Gini, Sori Kandiya Kuyate, ya tashi ya tuna wa shugabannin biyu zumuncin kakanninsu, suka rungumi juna a gaban jama'a. Ba a warware maganar iyakar ba a ranar, amma an mayar da takobi kube.

Shekara goma bayan haka, Lamizana ba ya kan mulki, rigimar ta dawo. Daga 25 zuwa 30 ga Disamba 1985 aka gwabza, jiragen sama suka jefa bom a Jibo da Wahiguya, a can ɓangaren kuma a Sikaso. Kowa ya san wanda bom yake samu a irin waɗannan garuruwa: mai tebur, da mai awo, da ɗan dako. Daga ƙarshe kotun duniya da ke Heg ta yanke hukunci ranar 22 ga Disamba 1986, ta raba zirin kusan daidai wa daida. Abin da aka samu bayan an zubar da jini bai wuce abin da zama a kan tabarma zai bayar ba.

Inda ya yi tuntuɓe

Ba mu ce Lamizana waliyyi ne ba. Mulki yana da zaƙi, shi ma ya lasa. Ya mayar da siyasa a 1970, aka yi majalisa da firayim minista, amma ranar 8 ga Fabrairu 1974, da rikici ya ƙi ƙarewa tsakanin Firayim Minista Jerar Kango Wedraogo da shugaban majalisa Josef Wedraogo, sai ya rushe majalisar ya jingine tsarin mulki. A ƙarshen 1975 ya fito da shirin kafa jam'iyya ɗaya tilo, irin abin da ya kayar da Yameogo. 'Yan ƙwadago suka rufe ƙasa da yajin aiki ranakun 17 da 18 ga Disamba. A nan ma yana da bindiga, yana da kurkuku, amma sai ya janye shirin ya sauya gwamnati.

A 1977 aka yi sabon tsarin mulki, a watan Mayu 1978 aka yi zaɓen shugaban ƙasa da 'yan takara huɗu, ciki har da masanin tarihi Josef Ki-Zerbo. A zagayen farko Lamizana ya sami wajen kashi 42 cikin 100, bai kai rabi ba, dole aka koma zagaye na biyu tsakaninsa da wani ma'aikacin banki, Makair Wedraogo, inda ya ci da kashi 56. A Afirkar wancan zamani, da shugabanni suke cin zaɓe da kashi 99, janar mai mulki ya bari a kai shi zagaye na biyu abu ne da aka jima ana labarinsa. Sai dai mafi yawan masu ƙuri'a ba su ma fita ba, alamar mutane sun gaji. Sanyin halin da ya hana shi zubar da jini shi ne kuma ya hana shi tsawata wa na kusa da shi, aka yi ta tsegumi a kan manyan da suka yi ƙiba da dukiyar jama'a, har da hatsin agaji. Malaman makaranta suka shiga dogon yajin aiki a Oktoba 1980, ranar 25 ga Nuwamba kuma Kanar Saye Zerbo ya kifar da shi. Shi Zerbo ɗan Tugan ne, Basame ɗan'uwansa, tsohon sojan Indoshin da Aljeriya, kuma tsohon ministansa na harkokin waje. Ba a yi ɓarin wuta ba, aka tsare tsohon.

A duk tsawon mulkinsa ba a ɗaure ɗan siyasa ko hafsa an harbe ba. Bayan tafiyarsa ne ƙofar ta buɗe: juyin mulkin 1982 da na 1983 sun ci rayuka, an harbe mutum bakwai a Yuni 1984, an kashe Sankara da mutum 12 ranar 15 ga Oktoba 1987, an harbe Lingani da Henri Zongo a 1989.

A gaban kotun jama'a

Da Sankara ya hau mulki a 1983 ya kafa kotunan jama'a na juyin juya hali domin tuhumar waɗanda suka ci dukiyar ƙasa. Wanda aka fara gurfanarwa, ranar 3 ga Janairu 1984, shekara 18 cif da hawansa, shi ne Lamizana. A babban zauren taro na Maison du Peuple aka yi zaman, ana watsawa a rediyo, ƙasa duka ta kasa kunne. Ana tambayarsa bayanin wajen miliyan 400 na sefa daga asusun musamman na fadar shugaban ƙasa. Tsoho mai shekara kusan 68 ya tsaya ba lauya, ya bayyana cewa kuɗin sun tafi ne wajen taimakon mabuƙata da suke zuwa ƙofarsa, shaidu kuma suka fito suka faɗi abin da ya yi musu. Kotun ta wanke shi. Ita wannan kotu, 'yan watanni bayan haka, ta yanke wa Saye Zerbo ɗaurin shekara 15.

Akwai darasi biyu a nan ga mai riƙe da amanar wani. Na farko, kyauta da dukiyar da ba taka ba ce, ba rubutu ba rasit, tana iya kai ka gaban alƙali ko da zuciyarka fara ce. Na biyu, ranar da littafi ya kasa kare ka, sai halinka, kuma ba a sayen shaidu irin waɗannan a ranar shari'a.

Tsufa a gida

Lamizana ya ƙara shekara 21 a duniya bayan shari'ar. Bai yi gudun hijira ba, a Wagadugu ya zauna, Alhaji ne mai zuwa masallaci da jana'iza kamar kowane dattijo. A 1999 ya fitar da tarihin rayuwarsa cikin littafi biyu da Faransanci, na farko a kan shekarunsa na soja mai suna Sous les drapeaux. Da ƙasa ta ɗauki zafi bayan kisan ɗan jarida Norber Zongo ranar 13 ga Disamba 1998, wanda kabarinsa yake nan Gungin, Lamizana yana cikin majalisar dattawa da aka kafa a 1999 domin neman mafita, tare da Saye Zerbo da ya kifar da shi. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 26 ga Mayu 2005.

Shi dai ya ci sa'a, ya zama janar. Dubban abokan kurtancinsa sun koma ƙauye da lambar yabo a ƙirji da ɗan littafin fansho a aljihu. A Disamba 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshonsu a kan kuɗin ranar da ƙasashensu suka sami 'yanci, na tsofaffin sojojinta fararen fata kuwa yana ta hawa, har aka kai wani ba ya samun ko kashi ɗaya cikin uku na abokinsa da suka kwana rami ɗaya. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadu Diyop, wanda ya shiga soja shekara ɗaya bayan Lamizana, ya kai ƙara, babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya a 2001, shekara biyar bayan ya mutu. An fara gyara a 2007, aka daidaita gaba ɗaya daga Janairu 2011, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin suna ƙarƙashin ƙasa.

Wannan magana ba ta tsufa ba. Tun 2015 ƙasar nan take fama da 'yan bindiga, kuma a shekarun nan an ga yadda kaya suka koma shiga Jibo da Dori da Tera a cikin ayarin motoci da rakiyar soja. Harin Gaskinde na 26 ga Satumba 2022 a kan ayarin abincin Jibo ya ci sojoji da fararen hula tare. Yaron da yake zaune a bayan mota da bindiga domin buhunanmu su isa kasuwa, ɗan wani ne, watakila mijin wata. In ya faɗi, marayunsa suna da haƙƙi a kan ƙasa da kuma a kanmu, in kuma Allah Ya ja kwanansa ya tsufa, kada ya jira haƙƙinsa shekara 50 kamar kakanninsa. Su kuma masu ba shi umurni, muna fatan duk lokacin da suka shiga ƙofar barikin Gungin su ɗaga kai su karanta sunan da ke rubuce a sama.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Sangule Lamizana da sauran mazan jiya, Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, Ya buɗe mana hanyoyi, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Amin.